Fitilar Iskar Taya: Karanta Ta Kafin Ka Ce a Kashe Ta

Akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a allon gaban direba da ta addabi masu motoci da yawa a wajenmu. Hoton taya ce da aka datsa, ƙasanta da 'yan haƙora, tsakiyarta da alamar motsin rai. Leƙa motocin abokai da na haya, za ka tarar tana kunne a cikin da dama, wani ma ya samu baƙin salatif ya liƙe ta don kada ta riƙa tsone masa ido da daddare. In ka tambaya, amsar ba ta wuce "Ai haka na sayo motar," ko "Sensa ce kawai, ba wani abu ba." Wani lokacin gaskiya ne, sensa ce ta mutu. Wani lokacin kuwa ƙusa ce zaune a tayar baya tana sace iska a hankali, ga shi an ɗebo iyali za a kama hanyar Kaduna zuwa Abuja da tsakar rana. Fitila ɗaya ce ke faɗin duka biyun, amma kowanne da yadda take faɗinsa, kuma bambance su ba ya buƙatar ka iya kanikanci.

Sai da aka yi asarar rayuka kafin a wajabta wannan fitila. A ƙarshen shekarun 1990 tayoyin Firestone da ke jikin motocin Ford Explorer suka riƙa ɓarewa a manyan titunan Amurka, motoci na kifewa, mutane na mutuwa. A watan Agustan 2000 kamfanin ya janye tayoyi miliyan 6.5, kuma ƙarancin iska haɗe da zafi na cikin abubuwan da aka ɗora wa alhaki. A shekarar ce majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ake kira TREAD, wadda a ƙarƙashinta aka ce daga Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a Amurka sai tana da na'urar lura da iskar taya, wato TPMS. Tarayyar Turai ta bi sahu daga Nuwamban 2014. Motocin nan ne ke sauka a tashoshin ruwan Legas da Kwatano suna hayowa arewa bayan sun sha shekaru a hannun masu su na farko.

Abin da nake so kowane direba ya fara riƙewa shi ne, fitilar nan ba geji ba ce. A ƙa'idar Amurka ba a ɗora mata kunnawa ba sai iska ta yi ƙasa da abin da kamfanin mota ya tsara da kashi 25 cikin ɗari. Motar da aka ce a sa wa tayarta 32, fitilarta na iya yin shiru har iska ta sauka zuwa 24. Alhali tayar da ke kan 26 ta riga ta fara wahala. Gefenta na lanƙwashewa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar kuma zafi take haifarwa, kamar yadda waya ke ɗaukar zafi in ka yi ta lanƙwasa ta da hannu har ta karye. Zafin ne ke raba roba da wayoyin ƙarfen da ke cikinta. Kafin a kai ga haka, kafaɗun taya sun cinye, birki ya ƙara tsawo, mota ta ƙara shan mai, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 ba abin wasa ba ne. Duk wannan fitila ba ta ce uffan ba. Ranar da ta kunna, al'amari ya riga ya yi nisa. Ranar da take a kashe kuma, ba hujja ba ce ta cewa tayoyinka lafiya lau suke.

Ga yadda ake karanta ta. Tayar da mota ka zuba wa allon ido. Duk fitilun za su kawo na 'yan daƙiƙoƙi su ɗauke, gwaji ne suke yi. Idan ta taya ta tsaya cak a kunne ba ƙiftawa, maganar iska ce, ɗaya ko fiye daga tayoyinka ta yi ƙasa. Idan kuwa ta yi ta ƙiftawa na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi sannan ta tsaya, kuma haka take yi duk sanda ka tayar da motar, to na'urar ce da kanta ba ta da lafiya, galibi ta daina jin ɗaya daga cikin sensocin. Wasu motocin Honda, irin su Accord ta 2008 zuwa 2012, sun raba aikin gida biyu: hoton taya na ƙarancin iska ne, fitila mai rubutun TPMS kuma ta lalacewar na'ura ce.

In ta kunna kana cikin tafiya, kada ka razana ka danne birki. Sassauta ƙafa daga totur, ka saurari motar. Sitiyari na ja gefe ɗaya? Baya na lilo ko ana jin nauyi? Nemi wuri mai aminci, zai fi kyau inda akwai jama'a, ka sauka daga kwalta sosai, ka zagaya motar. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan tayar zamani ido na yaudara, don takan rasa iska mai yawa siffarta ba ta canja ba. Harbinta da ƙafa ko ƙwanƙwasa ta da sifana shi ma ba awo ba ne. Idan ka tarar ta kwanta, sa safaya nan take. "Bari in lallaɓa zuwa wajen mai faci" ya kashe tayoyi masu yawan gaske da faci ɗaya zai tsamo, domin rim na niƙe gefen taya ta ciki cikin ɗan gajeren zango. Idan kuma fashewa ta yi kana gudu, riƙe sitiyari gam da hannu biyu, bar birki, bar motar ta rage gudu da kanta, sannan ka gangara gefe.

Maganin duk wannan zullumi geji ne naka na kanka, a ajiye a aljihun mota. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba ko kusa. Na wajen masu faci yana shan faɗuwa da ƙura da rana, biyu ma ba safai suke ba da lamba ɗaya ba. Lambar da za ka bi tana kan wata takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, in ka buɗe ƙofa za ka gan ta. A wasu motocin Turai tana cikin murfin tankin mai. Ƙananan motoci galibi tsakanin 30 zuwa 35 suke a ma'aunin psi, wani lokacin gaba da baya su bambanta, kuma motocin Turai kan ƙara da lamba ta biyu ta ranar da aka cika mota da mutane da kaya. 'Yan'uwa na Maradi da Damagaram da Yamai da suka saba da ma'aunin bar, 2.2 ɗinsu shi ne kusan 32 namu, shi ne kuma 220 in an rubuta da kPa.

Lambar da ke jikin tayar kuwa, 44 ko 51, iyaka ce ta abin da tayar za ta iya ɗauka, ba umarni ba ne. A nan ake yawan samun saɓani. Ka tsaya ka ce, "Malam, a sa mini talatin da biyu," sai ya ce, "Alhaji, ai arba'in muke sawa, ga shi ma a jikin tayar an rubuta fiye da haka." Ba mugunta yake nufi ba, abin da ya gada a wajen maigidansa ke nan. Buɗe ƙofa ka nuna masa takardar cikin mutunci. Iskar da ta yi yawa tana rage faɗin robar da ke taɓa ƙasa, tsakiyar taya ta cinye, mota ta riƙa tsalle, kuma duk ramin da ka faɗa bugunsa na wucewa kai tsaye zuwa rim da ƙafafun mota.

Awo kuma da sanyin taya ake yi, ko da safe kafin a fita, ko bayan mota ta huta awa uku. Tafiya na ɗaga iska da uku zuwa biyar, kuma an riga an yi lissafin wannan a lambar da ke kan takardar. Don haka wanda ya tsaya a Zariya da azahar, ya auna ya ga 37, ya ce a rage masa saboda tsoron fashewa, ya jawo abin da yake gudu. In tayar ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida, sai ta fi ɗaukar zafi. Ba a rage wa taya mai zafi iska. In dole ce ta sa za ka ƙara tana da zafi, ɗora kamar huɗu a kan lambar ƙofa, ka sake aunawa da safe.

Hunturu na da nasa wasan. Duk saukar zafi da digiri biyar zuwa shida na rage kusan psi ɗaya. A Kano cikin Disamba da Janairu, tazarar sanyin asuba da zafin la'asar takan haura digiri 15, wato kusan uku ke nan a geji, balle a Jos. Shi ya sa fitilar kan kunna da asuba, a yi 'yar tafiya ta mutu. Mutane kan ce sanyi ne kawai. Sanyi ne, amma tayar da uku kacal ya jefa ƙarƙashin layin gargaɗi dama can a bakin layin take. A ƙara mata iska.

Bayan an daidaita iska, sai maganar kashe fitilar, kuma a nan sai ka san irin na'urar motarka, don iri biyu ce. Ta farko tana da sensa a cikin kowace taya, yawanci haɗe da gindin bawul, tana auna iska tana aika wa mota saƙo. Idan allonka na nuna lambar kowace taya, ko bawul ɗinka na ƙarfe ne mai noti, kusan tabbas ita ce. Irin wannan takan kashe fitilar da kanta bayan tafiyar 'yan mintuna. Ta biyu ba ta da komai a cikin taya. Da na'urar birki ta ABS take aiki, tana ƙirga juyin ƙafafu, domin tayar da ta rasa iska takan ɗan ƙanƙance ta fi 'yan'uwanta saurin juyi. Motocin Volkswagen da yawa da Accord daga 2013 haka suke. Ita sai an sake saita ta duk sanda aka ƙara iska, ko aka juya tayoyi, ko aka sa sabuwa, ta wani maɓalli ko ta cikin allon mota. Ba ta kuma son gauraye: taya ɗaya sabuwa, ɗaya ta cinye, ɗaya girmanta daban, sai ta yi ta gargaɗin da ba dalili. Motocin Toyota da yawa suna da maɓalli mai rubutun SET a ƙasan sitiyari, ana danne shi har fitila ta ƙifta sau uku. Ina roƙo kada a taɓa maɓallan nan kafin a auna tayoyi huɗun da geji. Wanda ya saita na'ura tayarsa na kan 22, ya koya mata cewa 22 daidai ne.

An cika huɗu, fitila ta ƙi mutuwa kuma ba ta ƙiftawa? Duba safaya. Wasu manyan motocin Toyota da Lexus masu cikakkiyar safaya suna da sensa a cikinta ita ma. Siririyar safayar nan ta wucin gadi kuwa 60 take so, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 da ita.

Yanzu ga neman inda iska ke fita. Lafiyayyar taya ma takan rasa ɗaya zuwa biyu a wata ta jikin robar. Amma in ka rubuta lambobin yau, bayan mako ka ga ɗaya ta bar 'yan'uwanta da biyu ko uku, akwai ɓaraka. Samu gorar ruwa, zuba garin sabulu kaɗan, huda murfin, girgiza. Fara da bawul. Cire hularsa ka ɗiga ruwan a baki, in ka ga ƙwan kumfa na tasowa yana kumbura yana fashewa, 'yar allurar da ke ciki ce ta saki ko ƙura ta shiga, ɗaure ta ko canja ta aikin minti ɗaya ne. Sai ka tura bawul ɗin gefe da yatsa ka jiƙa gindinsa, nan roba ke tsagewa in rana ta gasa ta shekara da shekaru. Daga nan jiƙa da'irar da taya ta haɗu da rim, ciki da waje, sannan fuskar tayar, kana gusa motar kaɗan-kaɗan. Yi haƙuri da wannan aiki. Babban huji nan da nan yake tona kansa, amma ƙaramin sai bayan minti ɗaya ko biyu za ka ga wani farin kumfa mai laushi ya taru wuri ɗaya yana ƙaruwa, ka share shi ya sake dawowa. In ba ka gani ba, a cire ƙafar a nutsa ta a kwarmin ruwan mai faci, a juya ta sannu har a ga jerin ƙwayoyin iska.

Yoyon bakin rim shi ne ciwon hanyoyinmu. Rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa leɓen rim, iska ta samu hanya. Na baƙin ƙarfe ana iya miƙar da shi. Na alminiyam yakan yi wani farin gari a inda taya ke zama, sai a cire taya a goge wurin tas a shafa man liƙi na bakin taya. Cusa leda ko tsumma a wurin ba gyara ba ne. Wanda ya tsage kuwa, shawarata a canja shi, ban yarda da walda a ƙafar da za ta ɗauki iyali a babbar hanya ba.

Ka ga ƙusa ko sukuru? Kada ka zare, ita ce ta toshe ramin. Ƙara iska ka tafi wajen gyara. Ƙa'idar masu ƙera taya a fili take: ana yin faci ne a fuskar taya da ke taka ƙasa, kuma ramin kada ya wuce milimita 6. Kafaɗa da gefe ba sa ɗaukar faci, saboda nan ne taya ke motsi ba hutu. Zaren roba mai danƙo da ake cusawa ta waje ba tare da an cire taya ba, na fita kunya ne a kan hanya. Gyara na ƙwarai shi ne a raba taya da rim, a duba cikinta, a cike ramin, a kuma liƙa faci ta ciki. Cike ramin na hana ruwa kaiwa ga wayoyin ƙarfe su yi tsatsa, facin kuma shi ke riƙe iska. Amfanin buɗewar ma shi ne ganin ciki. In an tarar da baƙin garin roba a ciki, ko wata da'ira a goge a gefe, an yi tafiya da ita a kwance, ta gama aiki komai kyawunta a waje. Haka wadda ta yi ƙullutu a gefe, zarurrukanta ne suka tsinke. Ruwan liƙin gwangwani da ake ɗurawa ta bawul kuwa yana iya toshe sensa, in an yi amfani da shi don dole a faɗa wa mai faci ya wanke.

Tayar da ke sacewa ba ƙusa ba komai, duba shekarunta. Bayan haruffan DOT a gefenta akwai lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunne kan tsofaffin tayoyi, Michelin kuma na cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, a shekara goma a canja ko da haƙoranta na nan. Mai sayen taya ta hannu ya fara karanta lambar nan kafin ciniki.

Saura fitila mai ƙiftawa, wadda ita ce ta fi yawa a motocinmu, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowace sensa na da ɗan batir da aka rufe a cikinta, yana yin shekara biyar zuwa goma, ba a kuma yi shi don a canja ba. Motar 2010 da ta iso hannunka yau ta riga ta cinye wannan wa'adi. Sauran kuma a wajen canjin taya suke mutuwa. Tsaya ka kalli yadda ake raba taya da rim a bakin titi: a kwantar da ƙafa, a ɗora ƙarfe a gefe, a sauke guduma, sannan a zura dogon ƙarfe a ɓanɓaro. In ƙarfen ya faɗa daidai bawul, sensa ta tafi. Kafin a fara, ce masa, "Malam, akwai sensa a gindin bawul ɗin nan, a fara ta can nesa da shi." Wani kuma zai ba ka shawarar a sa tub a tayar da ba ta tub ba don a huta da yoyo. Yin haka sai an cire bawul da sensarsa, ga tub na guga a ciki yana ƙara zafi, kuma in ƙusa ta same shi iska a take take ficewa.

Bawul na alminiyam yana da nasa sharaɗi. Allurar cikinsa mai rufin nikel ce, in aka sa ta tagulla sai ƙarafan biyu su ci juna su manne. Hulunan ƙarfe na ƙawa ma haka suke kamawa, a sa filaya a murɗa, bawul ya karye. Hular roba ta ishe shi. In yoyo ta gindinsa ne, zoben roba ake canjawa, ba sensa gaba ɗaya ba.

Mai wayarin da ke da na'urar gwaji zai kara ta a kowace taya ya gaya maka wadda ta yi shiru. Wajen sayen sabuwar sensa a lura da asalin mota, domin na Amurka galibi a zangon 315 suke magana, na Turai a 433, kuma ba sa jin juna. In ɗaya ta mutu don tsufa, sauran na hanya, ya fi sauƙi a canja su tare ranar sa sabbin tayoyi. Wanda aljihunsa bai kai ba tukuna ba laifi ya jira, motar za ta yi tafiya, amma ya san ba mai tsaron tayoyinsa sai shi, ya riƙa aunawa duk mako da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Akwai kuma ƙananan sensoci da ake ɗaurawa a madadin hular bawul, masu ɗan allo da ake ajiyewa gaban direba. Suna aiki, har ga motar da ba ta zo da na'urar ba, sai dai a gwada bakinsu da ruwan sabulu bayan ɗaurawa, tun da su ke riƙe iskar yanzu.

Sabuwar sensa ba ta fara aiki don an ɗaura ta kawai. Kowace da lambarta, kuma a motoci da yawa, ciki har da Toyota da Honda, sai an shigar da lambar cikin kwamfutar mota ta soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Tambayi mai gyaran tun farko ko na'urarsa na iya wannan. Bayan ya gama, ku fita tare a yi tafiyar minti goma zuwa ashirin a kan titi mai sarari, a kashe mota a sake tayarwa. Sannan a rage wa taya ɗaya iska da gangan har ƙasa da layin gargaɗi, a ga fitila ta kunna, a mayar da iskar a ga ta mutu. Wannan gwajin ne ke nuna an gyara na'urar, ba ƙwan fitilar aka cire ta bayan allo ba. In ta ci gwajin, sai a biya kuɗin aiki.